Ku daina tura wa ƙannenku amsa, ba taimako ba ne

Zare 🧵

Yau da mu yayye nake, musamman mu 'yan jami'a da aka mayar malaman Turanci na cikin gida. Ƙanwarka ta ɗauki hoton aikin gida ta turo maka, ka liƙa wa ChatGPT, ka kwaso amsa ka mayar mata cikin minti biyu. Kai a ganinka ka taimaka. Wallahi cutarta ka yi.

Ba don malam bai san amsa ba yake ba da aikin auna fahimta. So ake yarinya ta zauna da sakin layi uku na Turanci, ta sha wahalarsu, har ta gano inda amsar ta ɓuya. Wahalar nan ita ce karatun. Ka ɗauke mata ita, to me ka bar mata?

Kuma ranar biyan bashi tana nan tafe. Ba kiredit a Turancin WAEC ko NECO, ba gurbi a jami'a. A JAMB kuwa Turanci dole ne ga kowa, tambaya 60, alhali sauran darussa uku 40 ne kowanne. A ɗakin nan ba waya, ba yaya.

Ku duba yadda WAEC ke tambaya. Za a ciro kalma daga labarin a ce kawo wata da za ta zauna a gurbinta daidai da yadda aka yi amfani da ita a wurin. Za a ciro wani yanki a ce faɗi sunansa a nahawu da aikin da yake yi a jimlar. A ɓangaren taƙaitawa kuma, in ka kwafo jimlar labarin yadda take, maki ake zaftare maka.

Yaron da ya shekara shida yana kwafar amsa daga WhatsApp, kwafar kaɗai ya iya. Ita kuma ake hukuntawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, muna da abin da littafinsu ba shi da shi: mun san daga ina kuskuren ya fito, don mun ji Hausa.

Yaro ya rubuta "borrow me your pen". Ba daƙiƙi ba ne. A Hausa "ara" ɗaya ce, na ari biro, ara mini biro. Turanci ya raba ta gida biyu, mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend". Faɗa masa haka sau ɗaya da Hausa, ya wuce wurin har abada.

Ya ce "I am hearing the smell". To ai "ina jin wari" ya fassara, kuma daidai ne a wurinmu. Mu da "ji" muke jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji yunwa. Bature kowanne da kalmarsa.

Babbar ita ce ta lokaci. Mu a wakilin suna muke nuna shi: ya sha, yana sha, zai sha. "Sha" tana nan inda take. Su kuwa aikatau suke lanƙwasawa: drink, drank, drunk. Shi ya sa yaro ke rubuta "yesterday he drink". In ya fara ganewa kuma sai ya zarce, ya rubuta "did he drank?" Ce masa "did" ta riga ta ɗauki lokacin, kamar yadda "ya" ke ɗauka, ba a ɗora kaya biyu. Minti biyar ne fa.

Masu cewa bayani da Hausa yana ɓata Turancin yaro, don Allah ku huta. An ci tarar yara shekara da shekaru a makarantu saboda sun yi Hausa a aji, Turancin nawa tarar ta koyar? Shiru kawai ta koya musu.

Na san za a ce ajin cike yake maƙil, malam ba ya bayani, iyaye ba su yi boko ba, kuma in yaro bai kai aikin ba bulala zai sha. Duk gaskiya ne. Amma ai shi ya sa ya zo wurinka. In malam bai yi bayani ba kai ma ka ƙi yi, wa ya rage?

(Ku kuma da ke ɗaukar hoton Turancin mutane kuna yawo da shi ana dariya, ku ne kuka sa yara ke jin kunyar tambaya. Rabinku ma "informations" kuke rubutawa.)

Ba ka da lokaci? Saƙon murya na minti ɗaya ya isa. Tambaye ta me labarin yake cewa, ta faɗa maka da Hausa. Sannan ta nuna maka layin da take zaton amsar tana ciki. In ta iya waɗannan biyun, saura gyaran jimla kawai. In ta kasa, ka gano ainihin ciwon, kuma ba amsa ce maganinsa ba. Ko ChatGPT ɗin ne, sa shi ya bayyana dalili, kar ya rubuta mata.

Masu shigo mini DM da hoton aiki, ku turo, ban hana ba. Amma da amsarku ta farko a ƙasa, ko da shirme ce. Hoto zalla ba zan buɗe ba.