Harshen Kasuwa: Kalmar “idiot” ba ado ba ce a bakin yaro

Makon jiya ina zaune a shagon wani aminina a Zangon Kumasi, ɗansa mai shekara 9 ya dawo daga makaranta. Dattijon da ke yi musu dako ya kuskure ya ajiye buhu a ƙofar da ba ita ba, sai yaron ya dube shi ya ce, “Idiot!” Uban ya yi dariya, har da cewa, “Ka ji ɗan boko, Turanci ya zauna.” Wata mata da ta zo sari ta ajiye atamfar da ke hannunta, ta fice ba sallama. Da na fassara masa, wallahi sai da ya yi gumi.

To, mece ce ma'anarta? A Hausa dai wawa ne, ko sakarai, ko dolo. Asalinta daga harshen Girka take, inda “idiotes” ke nufin mutumin da ba ya riƙe da wani muƙami, harkar gabansa kawai yake yi. Da ta shiga Latin sai ta koma nufin marar ilimi, daga nan ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci.

Akwai lokacin da ma likitoci ke amfani da ita. A 1910 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Goddard, ya kasa masu naƙasar ƙwaƙwalwa gida uku: “idiot” ga wanda hankalinsa bai wuce na ɗan shekara 2 ba, “imbecile” na shekara 3 zuwa 7, “moron” kuma na 8 zuwa 12. Daga baya likitoci suka watsar da su duka, don sun riga sun zama zagi a bakin jama'a.

'Yan uwanmu na Duwala, Yawunde, Kwatano da Njamena, kada ku ce wannan matsalar masu Turanci ce. Faransanci ma yana da ita, rubutu iri ɗaya, sai dai su “idiyo” suke furtawa ga namiji, “idiyot” ga mace.

Nauyinta ya danganta da wanda aka faɗa wa. Bature kan kira kansa da ita idan ya manta makulli, abokai kan jefi juna da ita cikin raha. Amma ka faɗa wa abokin ciniki, ko direban da ya ɗauko maka kaya, ko jami'in kwastan a kan iyaka? Ka sayi rigima da kuɗinka, kuma kai baƙo ne a ƙasar mutane.

Shawarata ga iyaye, musamman uwaye da ke wuni da yara: duk sabuwar kalmar da yaro ya shigo da ita daga makaranta ko waya, a ce, “Faɗa min da Hausa.” In ya yi shiru yana sunkuyar da kai, kin gane.

Aminina dai ya kama hannun ɗansa har gaban dattijon, ya ce, “Baba, a yi haƙuri, laifina ne.” Dattijon ya yafe. Matar nan kuwa har yau ba ta dawo ba. Magana zarar bunu ce.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.