Sharhi: Wa Ke Gudu da Asuba a Maradi?



Duk wanda ya fita bayan sallar asuba a Maradi, ya bi hanyar jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ko gefen filin ƙwallo, zai ci karo da masu sassarfa, gumi na zuba. Ku dube su da kyau. Galibinsu ɗalibai ne, da sojoji, da malaman lakkol, da ma'aikatan gwamnati. Da wuya ka ga babban ɗan kasuwa a cikinsu, mace kuwa sai an tona.

Tushen wannan yana can baya, tun ƙuruciya. Yaron da ya tashi a Jiratawa ko Tibiri, kafin ya cika shekara goma ya san nauyin hauya. Ya yi ban ruwa a fadama, ya kora dabbobi bakin Gulbi, ya ɗauko kara a ka. Jikinsa ya motsu fiye da na kowane ɗan birni, amma sunan da aka raɗa wa abin a gidansu shi ne wahala. To, ranar da Allah ya buɗa masa, ya samu shago a babbar kasuwa, abin da zai fara saye shi ne babur, daga baya mota, don ya rabu da tafiyar ƙasa. Masallacin bayan gida ma sai an tayar da inji. Tumbi ya turo riga, mutane su ce Alhaji ya ji daɗi. Ni ban ga laifinsa ba, wanda ya sha rana yana yaro dole ya nemi inuwa. Sai dai inuwar nan ce ke kai shi layin masu hawan jini da ciwon suga.

Ɗan lakkol kuwa, malami ne ke fitar da shi fili da usur a baki, a ranar da aka tsara, har a jarrabawar BEPC ana ba gudu da tsalle maki. A nan ya koyi cewa motsa jiki abu ne mai lokacinsa, wanda mai mutunci ke yi ba kunya. Shi ya sa ko ya yi furfura yake ɗaura takalmi ya fita.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne wajen ƴan mata. Yarinya tana gaɗa a dandali, tana daka, tana jan guga, ƙarfinta a cike. UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Maradi kuma tana sahun gaba. Daga ranar da aka kai ta ɗaki, gaɗa ta ƙare. In a birni ne, injin niƙa ya karɓi turmi, famfo ya karɓi rijiya. Alheri ne, ba mai cewa a koma baya, amma ba a ba ta komai a madadinsu ba. Tana shekara arba'in, gwiwa ta fara ƙin tashi daga tabarma.

Mu ne fa garin Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, filin kokowarmu ma sunansa yake ɗauke da shi. Amma ku shiga filin ranar gasa: mutum biyu ke kokowa, dubbai na zaune. Langa da kokowar bayan girbi, waɗanda kowane yaro ke yi a da, suna neman zama abin kallo kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar minti 150 a mako, yaro minti 60 kowace rana. Ga babba, rabin awa ne sau biyar, kamar tafiya daga kasuwa zuwa gida a ƙasa.

Roƙona ga shugabannin makarantu, su buɗe farfajiya bayan la'asar ga matan unguwa, da malama mace a gabansu. Malamanmu na allo, Allah gafarta, ranar Alhamis a bar almajirai su yi langa. Kai kuma Alhaji, gobe da asuba ka bar babur a zaure, ka riƙo hannun ɗanka da ƴarka ku taka tare.