A Raba Matani da Hashiya: Magana a Kan Asalin Fuwaro Mai Bincike

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Ingila akwai wani wasan kwaikwayo na talabijin wanda aka fara nunawa a 1989, aka kammala a 2013, cikin kashi 70. Labarin wani mai bincike ne da ake kira Fuwaro, wanda Turawa ke rubutawa Poirot, ɗan guntun mutum mai ƙwalelen kai da murɗaɗɗen gashin baki, sana'arsa gano wanda ya yi kisa ko ya yi sata bayan 'yan sanda sun gaza. Wani gwani mai suna Debid Sushe shi ya fito a kamanninsa tsawon shekarun nan duka. An tsara yawancin labaran kamar suna gudana a wajejen 1936, da tufafin zamanin da motocinsa da jiragen ƙasansa. Tushen wasan kuwa littattafan wata Baturiya ne, Agata Kiristi, wadda aka haifa a 1890, ta rasu a 1976. Ta rubuta dogayen littattafai 33 a kan wannan mutum, ban da gajerun labarai fiye da 50.

Wasan ya ƙare, amma masu sha'awarsa ba su daina shawara ba. Wasu suna so a koma baya a nuna ƙuruciyar Fuwaro da iyayensa. Wasu suna so a ga shekarun da ya yi yana ɗan sanda a ƙasarsu. Wasu tambayarsu ita ce me ya hana shi aure, wace mace ce ta wuce a rayuwarsa. Akwai kuma masu so a bi abokinsa Kyaftin Hestin zuwa gonarsa ta Ajantina, ko a shiga gidan Sufeto Jaf a ga yadda yake in ya tuɓe rigar aiki. Wannan sha'awa ba abin zargi ba ce. Ɗan Adam haka yake, in ya so mutum sai ya nemi asalinsa. Falke ma ba ya ba baƙo kaya bashi sai ya ji garinsu da sunan mai masaukinsa. Sai dai ƙari a kan labarin wani yana da ladubba, kuma malamai sun daɗe da sanin su, domin rabin karatun zaure a kan matani da sharhi yake tafiya.

Ladabi na farko shi ne a san abin da mai littafi ta faɗa kafin a ce za a cike abin da ta bari. Abin da Kiristi ta bayyana kaɗan ne, amma a fili yake. Fuwaro mutumin Beljiyam ne, Kirista ɗan ɗarikar Katolika. A littafin farko, wanda ya fito a 1920, an same shi a wani ƙauyen Ingila yana gudun hijirar Yaƙin Duniya na Farko tare da wasu 'yan ƙasarsu, yana ɗingishi, wata dattijuwa mai dukiya ta ba su masauki. Ita ce aka kashe da guba, shi kuwa ya tsaya sai da ya tona wanda ya kashe ta, don sāka alheri. A littafin nan kuma Jaf ya ambaci cewa sun yi aiki tare a 1904 a kan wata shari'ar jabun takardu a birnin Burusel, watau tun a lokacin Fuwaro sananne ne a cikin 'yan sanda. A wani littafi na 1934 ya gaya wa wani dattijo da bakinsa cewa ya tashi cikin talauci, su da yawa a gida, ya shiga aikin ɗan sanda, ya ci gaba a hankali, yana dab da barin aiki sai yaƙi ya zo, aka ji masa rauni. Labari ɗaya tak, mai suna Akwatin Cakulan, na 1923, shi ne ya koma da mai karatu zamanin aikinsa a Beljiyam, kuma labarin kuskurensa ne: ya ɗora laifi a kan wanda bai yi ba, har mai laifin, wata tsohuwa, ta kira shi ta faɗa masa gaskiya da kanta. Wannan shi ne matani.

To, a 2022 wani mai shirya majigi, Kenet Barana, ya fito da labarin Mutuwa a Kogin Nilu, ya ƙara masa wata shimfiɗa da babu ita a littafin 1937. Ya nuna Fuwaro saurayi, soja a ramin yaƙi a 1914, fuska a aske, sai nakiya ta tashi ta ɓata masa leɓe da kumatu, budurwarsa mai jinya ta ba shi shawara ya bar gashin baki don ya rufe tabon. Daga baya ita ma ta halaka a yaƙin. Wannan ƙari ya kai maƙura wajen irin abin da masu sha'awa ke nema, saboda haka shi ya fi dacewa a auna.

Aibinsa na farko saɓa wa nassi. Mutumin da ya shahara a 1904, yake shirin ajiye aiki a 1914, ba zai zama ƙaramin soja a shekarar nan ba. Aibi na biyu ya fi wannan zurfi. A littattafai gashin bakin Fuwaro ƙawa ce da alfahari. Yana shafa masa mai, yana murza shi, yana ganin babu kamarsa a Turai duka, jama'a na yi masa dariya a ɓoye. Wannan 'yar ƙawa ita ta sa ya zama mutum kamar kowa, kuma ita ce tarkonsa, domin mai laifi yakan ga baƙo mai kwalliya da gurɓataccen Turanci ya raina shi, ya saki baki. Da aka mai da gashin bakin marufin tabo, sai abin dariya ya koma abin tausayi, tarkon kuwa ya kwance. Akwai wata cuta a masu tsara labari na wannan zamani, watau su ɗauka kowane hali na mutum sai an samo masa rauni ko maraici ko mutuwar masoyiya. Mai tsabta sai a ce ƙazanta ta taɓa cutar da shi, mai rowa sai a ce yunwa ya sha yana yaro. In aka bi wannan hanya har ƙarshe, babu wanda za a yaba wa a kan kyakkyawan hali, babu kuma wanda za a tuhuma a kan mummuna, tun da kowa ya zama kamar rago a igiyar abin da ya same shi. Hausawa kuwa sun ce hali zanen dutse. Labarin bincike kansa ba ya tsayawa sai da yarda cewa mai kisa zaɓa ya yi, kuma zai amsa.

Almajiran da suka karanci Muƙamatul Hariri sun san yadda gwani ke riƙe asalin mutuminsa. Hariri, mutumin Basra, wanda ya rasu a 516 bayan Hijira, ya yawata da Abu Zaidu cikin muƙama 50, yau yana wa'azi, gobe yana bara, jibi yana gaban alƙali da ƙarar ƙarya. Abin da ya bayar na asalinsa ɗan kaɗan ne: mutumin Saruja ne, garin da Rumawa suka ci, ya fita ba shi da kome. A muƙama ta 48 Abu Zaidu ya ba da labarin wadatarsa ta dā da 'yarsa da aka kama, amma da labarin nan ya karɓi kuɗin mutane, har mai karatu ya rasa inda gaskiya ta tsaya, inda dabara ta soma. Sai a muƙama ta ƙarshe aka ji ya koma garinsu ya tuba ya lizimci masallaci. Da Hariri ya zauna ya tsefe ƙuruciyarsa duka, da Abu Zaidu ya zama abin tausayi kurum, da kuwa ba a kai ƙarni tara ana karanta shi ba. Abu Zaidu da Fuwaro duka yaƙi ya raba su da gida, duka kaifin hankali ya ciyar da su a baƙon wuri, kuma duka masu littafinsu sun san gishiri kaɗan ake sa wa miya. Kiristi ma ta taɓa yi wa masu son asali ba'a: a littafin 1927 ta fito wa Fuwaro da ɗan'uwa tagwai, sai a ƙarshe ta nuna ba wani tagwai, shi ne ya sake kama.

Ladabi na biyu shi ne a yi wa ƙari alama. Wanda ya buɗe tsohon littafin hannu zai ga matani da manyan baƙaƙe a tsakiya, sharhi da ƙanana a gefe, wani lokaci da jar tawada. Sharishi ya yi wa Muƙama sharhi mai faɗi, bai kuwa cusa kalmarsa ko ɗaya cikin ta Hariri ba. Malaman hadisi suna kiran maganar maruwaici da ta shiga cikin matani mudraji, har Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463, ya wallafa littafi guda don tsame irin wannan. Ba ƙiyasi ake yi ba, Allah ya kiyaye, domin ƙagaggen labari ba hadisi ba ne, hukuncinsu bai zama ɗaya ba. Amma ɗabi'ar da ke aiki ɗaya ce. Mai tatsuniya ma yakan rufe da cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya, watau ya sa wa kayansa shaida. Wasan Sushe kansa bai kuɓuta ba: da aka nuna Akwatin Cakulan a 1993 an ƙara soyayya tsakanin Fuwaro da yarinyar da ta nemi taimakonsa, aka ce ita ta ba shi ɗan abin adon da yake maƙalawa a ƙirjin kwat. Ƙarin yana da daɗi, bai kuma rushe matani ba, sai dai wanda bai karanta littafin ba zai ɗauka Kiristi ce ta faɗa.

Wani zai ce, ai duka ƙage ne, mene ne laifin ɗora ƙage a kan ƙage? Amsa ita ce mutumin ƙagagge ne, amma littafin ba ƙagagge ba ne. Akwai wadda ta rubuta shi, akwai abin da ta ce da abin da ba ta ce ba, jingina mata abin da ba ta faɗa ba kuwa cin amanar ruwaya ne ko da a kan wasa. Yaron da ya saba ba ya rarrabe maganar mai littafi da ta mai ƙari, shi ne gobe zai kawo labari daga kasuwa ya haɗa abin da ya gani da abin da ya zata. Magadan Kiristi sun ba wata marubuciya, Sofi Hana, izni ta ci gaba da labaran Fuwaro tun 2014, sunanta kuwa yana kan bangon littattafan, kowa ya san hannun wa ya saya. Haka ciniki na gaskiya yake.

Ladabi na uku shi ne a ɗebo ƙarin daga tarihi na haƙiƙa, gama rijiyarsa ta fi ta zato ruwa. Jamus ta shiga Beljiyam ranar 4 ga Agusta 1914, mutum wajen 250,000 suka tsallaka teku zuwa Ingila. An karɓe su hannu biyu da fari, da yaƙi ya yi tsawo sai marhabin ta yi sanyi, da aka gama kuwa yawancinsu suka koma gida. Kiristi ta ga irinsu a garinsu Toki, inda take aikin haɗa magani a asibiti, can ta koyi sanin guba. Ga labari nan wanda ba ya bukatar tabo: babban jami'i ya wayi gari yana cin abincin sadaka, a ƙasar da ba a iya faɗin sunansa daidai, kullum ana ce masa Bafaranshe yana gyarawa. Me ya sa 'yan'uwansa suka koma shi ya zauna? Wannan tambaya ta fi ta gashin baki nauyi.

In kuwa shekarun aikinsa a Burusel ake so, to, a faɗi zamanin da gaskiyarsa. Daga 1885 zuwa 1908 ƙasar Kwango mallakar Sarki Liyofol na Biyu ce shi kaɗai, ana tilasta wa mutanenta tsagar roba da bulala da yanke hannu, kuma cikin sojojin haya na farko da aka kai can har da Hausawa da aka ɗebo daga bakin tekun Afirka ta Yamma. Wanda ya taimaka wajen tona asirin wani akawu ne na kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, mai suna Morel. Ya lura a tashar Antuwaf jirage suna zuwa cike da roba da hauren giwa, suna komawa da bindigogi da harsasai, ba kayan ciniki na kirki, sai ya gane ba saye ake yi ba, ƙwace ne. Kowane ɗan kasuwa zai fahimci wannan hujja ba tare da tafinta ba. Rahoton jakadan Ingila Kesmen, wanda ya tabbatar da ta'asar, a 1904 ya fito, shekarar da Jaf ya ambata. Wanda zai nuna ɗan sanda mai son gaskiya a birnin nan a shekarar nan, yana da abin tambaya: me ya ji, me ya gani, ya yi magana ko ya kame baki? Nan ne ake gwada mutum, kuma ba a taɓa ko harafi ɗaya na matani ba.

Saboda haka masu sha'awa su ci gaba da shawararsu, babu mai hana su. Su dai san nassi tukuna, su rubuta sunansu a kan abin da suka ƙara, su bar wa mutumin halinsa da ya zaɓa, su nemi cikon a tarihi. Abin da mai littafi ta yi shiru a kansa da gangan kuwa, sau da yawa barinsa a rufe ya fi, domin ɗakin da aka buɗe kowace taga tasa ba ya riƙe ƙamshin turare.

Allah shi ne Masani. Shi ake roƙo ya ba da ikon riƙon amana a ƙaramin zance da babba. Wassalam.