FILIN KIWON LAFIYA: Dogaran da ke gadin mahaifa

In an gama kakar gero, magidanta da yawa na ƙasar Kance suna tafiya cin rani Daura da Kano. Da bazara su komo gida da kuɗi da tufafi. Amma wani yakan komo da ciwon sanyi, shi kansa bai sani ba. Bayan kwanaki sai maiɗakinsa ta fara jin zafin fitsari, ko ta ga ruwa mai wari yana fita daga gabanta. Kunya ta hana ta faɗi. In shekara 2 ko 3 ta wuce ba ta samu ciki ba, sai a ce iska ne, ko a ce kishiya ta yi mata sammu. Filin wannan wata yana bayanin abin da ke faruwa cikin jikin mace a lokacin nan.

Masu gadi iri 3

Allah bai bar mahaifa babu tsaro ba. Kamar fadar sarki take. Kafin baƙo ya kai ciki sai ya wuce masu gadi.

Na farko, waɗansu ƙananan halittu ne masu amfani da ke zaune cikin gaban mace. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Dangin waɗanda ke sa madara ta zama nono ne. Suna sa wurin ya yi ɗan tsami, tsamin kuwa yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Wani likita Bajamushe, Albert Döderlein, shi ya bayyana su a 1892.

Na biyu, yauƙi ne mai kauri da ke toshe bakin mahaifa. Yana tsinkewa a kwanakin ɗaukar ciki don maniyyi ya wuce. In ciki ya shiga sai ya yi kauri, ya rufe ƙofa har haihuwa.

Na uku su ne dogarai, wato fararen ƙwayoyin jini. Cikin ɗigon jini kamar kan allura akwai su daga dubu 4 zuwa dubu 11. A 1882 wani masani daga daular Rasha, Mecnikof, ya soka ƙaya cikin wata ƴar halittar teku. Kashegari ya duba da madubi, ya ga ƙwayoyin jikinta sun kewaye ƙayar. Tun daga nan aka fara gane aikinsu.

Yadda ake yaƙin

Waɗansu dogarai suna zaune kullum cikin fatar gaba da ta mahaifa. Da ƙwayar cuta ta shigo sai su haɗiye ta, su kuma yi kururuwa da wani sinadari da suke saki. Jijiyoyin jini na wurin su buɗe. Cikin ƴan awoyi dubban dogarai sun iso. Shi ya sa wurin ke kumbura, ya yi zafi da ciwo. Mugunyar da ake gani gawar dogarai ce haɗe da ta ƙwayoyin cuta.

Akwai kuma dogarai masu riƙe kamannin abokin gaba, don in ya komo su gane shi da wuri. Haka allurar rigakafin ƙyanda ke aiki. Amma ƙwayar ciwon sanyi tana da wayo. Takan sake riga, dogarai su kasa gane ta. Saboda haka mutum yana iya kamuwa da shi sau da yawa. Akwai wata kuma, likitoci suna ce mata kilamidiya. Ita ɓuya take yi cikin naman jikin mace. Mata da yawa suna ɗauke da ita ba su jin kome.

In yaƙi ya daɗe

In an yi faɗa cikin gona, gero ne ke shan tattaka. Haka abin yake a nan. In ba a yi magani ba, cutar tana iya hawa sama ta kai hanyoyin ƙwai. Su 2 ne, dama da hagu. Kowace tsawonta kamar santimita 10, raminta siriri ne ƙwarai. Ta nan ƙwan mace ke bi ya sauka cikin mahaifa. Dogarai suna bin cutar har can. Sinadarin da suke kashe ta da shi yana ƙona hanyar ita ma. In wurin ya warke sai ya bar tabo, tabon ya toshe hanya. Mai lambun rake a ƙasar Matamaye ya san in hanyar ruwa ta toshe, shuka ba ta sha.

Cikin mata 100 masu kilamidiya da ba a yi wa magani ba, 10 zuwa 15 cutar tana kai musu sama. Daga nan ne rashin haihuwa ke zuwa. Wani lokaci kuma ciki ya tsaya cikin hanyar ƙwai, ta fashe, jini ya zuba cikin ciki. Wannan yana kisa in ba a yi aiki da gaggawa ba.

Akwai wani hatsari. Ƙwayar sida cikin waɗansu dogaran nan take shiga. In gaban mace ya kumbura, dogarai sun taru, sida ta samu ƙofa a buɗe. Ciwon sanyi kuma yana iya kama idon jinjiri wajen haihuwa, har ya makanta.

Abin da ya kamata a yi

1. Macen da ta ga ruwa mai wari, ko ƙuraje, ko ciwon mara, ta tafi gidan likita na Kance ko asibitin Matamaye. Kada ta jira wata ya kama.

2. Miji da mata da kishiyoyi duka su sha magani lokaci guda. In an bar mutum 1, ciwon zai sake zagaya gidan.

3. A shanye magani duka yadda likita ya ce. A daina kwanciya tare har a gama, kuma kwana 7 su cika.

4. Kada a sayi kafso a kasuwa a sha da ka. Rabin magani yana sa ƙwayar cuta ta yi taurin kai.

5. Kada a cusa sabulu, ko kanwa, ko alif, ko garin kayan mata cikin gaba. Suna kashe masu gadin farko. Wanke waje da ruwa mai tsabta ya isa.

6. Mai jego da ta ji zazzaɓi da wari da ciwon mara, ungozoma ta sa a kai ta likita ran nan. Haka macen da ta yi ɓatan wata, ta ji sukar mara gefe guda da jiri. A nemi amalanke ko mota ko cikin dare ne.

7. Ɗan cin rani ya kama kansa. Kwaroron roba yana tare ciwon. In ya ga mugunya ko ya ji zafin fitsari, ya ga likita kafin ya shiga ɗakin iyalinsa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gidansa wannan fili. Rigakafi ya fi magani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya so.