Mu Zaga Gari: Ranar 'Yancin Kai A Kan Dutsen Dala

Hutun 1 ga Oktoba ya ƙarato, kuma mun san da yawanku barci da danna waya kuka shirya yi. Mu ma haka muka saba, sai bara da mu biyar 'yan aji ɗaya muka haɗa kuɗin adaidaita sahu, muka nufi Dala.

Da sassafe muka kama matakala, kafin rana ta buɗe. Muna haki muka kai sama, amma abin da muka gani ya biya wahalar. Can ga Gwauron Dutse, can ga hasumiyoyin Babban Masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga rufin gidaje iya ganinka. A gindin dutsen nan Kano ta fara, inda maƙera suka zauna suna narka tama fiye da shekara dubu da suka wuce. Nan ne kuma Barbushe ya yi zamaninsa.

Daga sama muka yi ta neman ganuwa da ido, wadda Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ginawa. Da ƙyar muka hango guntayenta. Da muka matsa kusa daga baya, sai muka tarar wani wuri an haƙe ƙasar, wani an yi gini a kai, wani ya zama juji. Ɗayanmu ya tuna mana cewa Turawa sun ci Kano a 1903, sun miƙa mulki a 1960, don haka duk abin da ya zube daga ranar zuwa yau, a hannunmu ya zube. Kowa ya yi shiru. Ashe 'yancin kai ya wuce fareti da kaɗa tuta, har da riƙon amanar abin da aka bar mana.

Yunwa ce ta kai mu Jakara, unguwar gurasa. Muka sayi mai zafi, aka yi mana bandashe da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da yaji. Muka tambayi tsohuwar da ke gashi: "Inna, wa ya koya miki?" Ta ce kakarta, amma jikokinta ba wadda ke son tsayawa gaban tanderu. Daga nan muka ratsa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), muka ƙulla alkaki da nakiya tsarabar gida.

To, ga aikin hutunku. Ku nemi izinin iyaye, ku tafi a ƙungiya tare da wani babba, ku riƙe littafi da biro. Ku gaida dattawan unguwa, ku tambaye su asalin sunan unguwarsu, ku rubuta abin da suka faɗa da ranar da kuka ji shi. Wanda ke Katsina ga hasumiyar Gobarau, na Zariya ga Kufena, na Sakkwato ga Hubbaren Shehu.

Ku aiko mana da abin da kuka rubuta, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.