Dajin da Aka Kori Masu Shi, Wa Ya Gaje Shi?

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu da ke zaune a Minna mun ga tsagewar, mun kuma ga ƙadangarun. Jihar Neja ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, murabba'in kilomita sama da 76,000, amma manyan dazuzzukanta sun zama abin tsoro. Ra'ayinmu shi ne, salon kiyaye daji da muka gada daga Turawan mulkin mallaka, wato a shata iyaka, a kori talaka, a ajiye mai gadi da bindiga, yana da hannu a wannan hali, kuma lokacin sauya shi ya yi.

Mu dubi Kainji. Madatsar ruwan da aka kammala a 1968 ta tayar da mutane fiye da 40,000, ta kuma haɗiye tsohon garin Bussa. A 1979 doka ta kafa Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda ya haɗe dajin Borgu da na Zugurma, murabba'in kilomita kusan 5,340. Da niyyar kirki aka yi, domin a ceci zaki da ɓauna da gwanki da dorina. To, amma maharbi da makiyayi da mai cirar zuma, waɗanda suka san kowace ƙorama ta dajin, sai suka wayi gari masu laifi a ƙasar kakanninsu. Ba mu ce doka ce ta haifi 'yan bindiga ba. Abin da muka ce shi ne, wanda aka raba da daji ba zai yi gadinsa ba, kuma ma'aikatan gandu 'yan ƙalilan ba za su iya tsare wannan uban fili ba. Haka masu makamai suka samu mafaka a cikinsa. Dajin Allawa ma, a 2020 aka sanya shi cikin sababbin gandaye goma na ƙasa, sai ga shi a Afrilun 2021 gwamnan lokacin, Abubakar Sani Bello, yana shelar cewa Boko Haram ta kafa tuta a Kaure, cikin ƙaramar hukumar Shiroro inda dajin yake.

Akwai wata hanyar. Tun 1971 hukumar UNESCO ta ɓullo da shiri kan zaman mutum da muhallinsa, wanda daga cikinsa aka samu abin da za mu kira gandun zaman tare. Irin wannan gandu kashi uku ne. Tsakiyarsa ta namun daji ce da itatuwa, ba sara, ba farauta. Zagayen farko na bincike ne da sana'o'in da ba su cutar da daji, kamar kiwon zuma da tsintar 'ya'yan itace. Zagaye na biyu kuwa na garuruwa ne da gonaki da kasuwanni. Dajin Omo na Jihar Ogun ya samu wannan matsayi a 1977, sannan a 2020 aka ƙara Oban da Okwangwo da fadamun Haɗeja, Nguru da Bade. Mu da ke da gandun ƙasa mafi daɗewa, me ya hana mu?

Za a ce mana wannan lamari ne na ƙoshi, talaka abinci yake nema. To, mu tambayi matan karkara da ke tsintar kaɗanya suna yin man kaɗe, suna sarrafa kalwa ta zama daddawa. Kaɗanya kan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma mai injin sara a wuni guda zai kayar da ita, ta koma buhun gawayi a bakin titi. Wane ne ya ƙoshi a nan? Ƙasar da aka tsiraita ba ta riƙe ruwan sama. Yashinta kan gangara ya cike tafkunan Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, waɗanda muke tinƙaho da wutarsu. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta isa ta sa mu daina wasa da magudanun ruwa da itatuwan da ke tare su.

Sai dai kada a ruɗe mu da takardar shaida. Gandun W na Jamhuriyar Nijar ya shiga wannan jeri tun 1996, duk da haka masu makamai sun kutsa cikinsa. Suna ba ya tsare daji, mutanen da ke cin moriyarsa ne ke tsare shi, tare da hukumar da ta sauke nauyin tsaro da ke kanta.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da majalisar dokokinta su miƙa buƙata ta hannun gwamnatin tarayya, domin ta nan ake bi, a mayar da Kainji da kewayensa gandun zaman tare. A kafa majalisar gudanarwa da ta ƙunshi sarakunan yankin da arɗo da sarkin ruwa da sarkin noma da wakilan mata, kowa da ƙuri'arsa. A fitar da burtali, a kuma ware wa ƙauyuka kason kuɗin shiga a rubuce. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Kwalejin Kula da Namun Daji ta New Bussa su ɗauki aikin ƙidaya da awo, a kuma fassara sakamakon da Hausa da Nufanci da Gwaranci da Fulatanci. In muka ƙi raba dajin da masu shi, za mu ci gaba da bar wa ɓarayi shi ɗungurungum.