Kiwon kaji a cikin gida: lissafin da ya kamata a yi kafin kasuwar azumi

Da shigowar sanyi, tallar 'yan tsaki ta fara cika zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, daga Yamai har Damagaram. Lissafin masu saye ɗaya ne. Ana sa ran azumi zai kama bayan tsakiyar watan Fabrairu na 2026, ƙaramar Salla kuma wajen 20 ga Maris, lokacin da kaza ke yin kasuwa fiye da kowane lokaci a shekara. Kazar nama tana buƙatar kwana 42 zuwa 45 kafin ta isa yanka. Ke nan mai son ya kai kajinsa kasuwar jajibirin Salla sai ya zuba tsaki a farkon Fabrairu, sa'ad da hunturu bai gama wucewa ba, annobar kaji kuma tana yawo unguwa-unguwa.

Kiwon kaza ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Tun fil azal ita ce asusun mata, a sayar a sayi magani ko littafin ɗan lakwal, a yanka in baƙo ya sauka. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne masu shiga harkar: matasa masu takardar shaidar karatu da ba su samu aiki ba, ma'aikatan da albashi ba ya kai su ƙarshen wata, da 'yan uwa mazauna ƙasashen waje da ke turo jari don a kafa wa ƙane ko mata sana'a a gida. Akurki a bayan ɗaki ya fi shago sauƙin kafawa. Sai dai abubuwan da ke yanke hukuncin riba ko asara galibinsu a wajen gidan suke: iyaka, farashin masara, wutar lantarki da cuta.

Tsakin da ke zuwa daga nesa

Akwai gonakin da ke ƙyanƙyasa a cikin ƙasa, amma kaso mai yawa na 'yan tsakin da ake kiwo a kudancin Nijar daga Najeriya yake shigowa, musamman daga manyan gidajen ƙyanƙyasa na yankin Ibadan. Na Maraɗi kan biyo ta Katsina, Jibiya da Ɗan Isa, na Damagaram ta Daura da Matamai ko ta Magarya, na Tawa ta Illela da Ƙonni. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Ɗan tsako yana iya rayuwa kamar kwana uku da ragowar gwaiduwar da ke cikinsa ba tare da ci ko sha ba, wannan ne ma ya sa ake iya safararsa. Amma duk awar da motar ta ɓata a shingen bincike ko a bakin iyaka, daga ƙarfin tsakon ake cire ta. Da yawa daga cikin tsakin da ke mutuwa a kwanakin farko, a hanya suka jigata.

Masu kiwo ba su manta da 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma katse wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da ƙasar ke sha. Sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris. Ta Benin kuwa ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kayan da ke zuwa daga teku suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Magunguna, alluran rigakafi da sinadaran haɗa abincin kaji da ake shigowa da su daga ƙetare duk sun ji a jikinsu.

Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sa mai riƙe da sefa ya ga kamar kayan Najeriya sun yi araha. Amma a can ma tsadar masara da waken soya ta durƙusar da gonakin kaji masu yawa, farashin tsaki kuma yana tashi duk lokacin da bukukuwa suka gabato. Mai oda daga Maraɗi yana gasa ne da mai oda daga Kano da Legas a kan kwali ɗaya.

Masara ce mai gida

Abinci ne ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kiwon kajin zamani, kuma fiye da rabin abincin masara ce. Nijar ƙasar hatsi da dawa ce, masarar da take nomawa ba ta isar ta, sai an shigo da ita daga maƙwabta. Matakin da gwamnati ta ɗauka a watan Oktoban 2024 na hana fitar da cimaka zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso, ya shafi abin da ke fita ne. Bai ƙara yawan masarar da ake nomawa a cikin ƙasa ba.

Ga lissafi mai sauƙi. Kazar nama ɗaya tana cin kilo 4 zuwa 4 da rabi kafin kwana 45. Kaji 100 ke nan suna buƙatar wajen kilo 450, wato buhu 9 mai kilo 50, kuma mafi yawansa a sati biyu na ƙarshe suke cinye shi. Nan ne sababbin shiga ke faɗuwa: sun zuba duk jarin a sayen tsaki da gina akurki, kuɗin abinci ya ƙare a sati na huɗu, sai a koma dusa zalla, kaji su tsaya cak. Idan kuma suka isa yanka babu mai saye a hannu, kowace rana ta ƙari riba suke ci. Masu sari a kasuwa sun san haka, shi ya sa ba sa gaggawar taya kaya.

Kajin ƙwai sun fi haka neman haƙuri. Sai sun yi sati 18 zuwa 20 suna ci kafin ƙwan farko, bayan nan kowace tana buƙatar giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 50 suna cinye fiye da kilo 5 da rabi kullum, ko sun yi ƙwai ko ba su yi ba.

Wasu na rage tsada ta hanyar haɗa abinci da kansu da dawa, dusa, tunkuza, garin kifi da garin ƙashi. Hakan yana yiwuwa, amma da sikeli da ƙa'idar da masani ya bayar. Awo da tiya da ido ba ya fitar da haɗi daidai, tunkuza ko masarar da ta yi fumfuna kuwa guba ce ga tsaki.

Akurki da sati biyun farko

Akurkin da ya dace da ƙasarmu shi ne wanda aka gina don zafin Afrilu da Mayu, sa'an nan a rufe shi da buhuna ko leda a lokacin sanyi. Tsawonsa ya bi gabas da yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe, bangon ƙasa ya zama gajere, sama kuma raga don iska ta ratsa. Rufin kwano ƙasa-ƙasa tanda ne, sai an ɗaga shi an shimfiɗa zana ko kara a kai. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafi, shi ya sa kajin nama masu nauyi ke zubewa da rana tsaka idan zafi ya haura digiri 40. A murabba'in mita ɗaya kada a wuce kajin nama 8 zuwa 10. Daɓen siminti da aka ɗaga sama da ƙasa ya fi sauƙin wankewa, ruwan damina kuma ba ya kwanciya a kai, darasin da ambaliyar 2024 ta koya wa mutanen Maraɗi da Damagaram.

Ɗan tsako yana buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a satin farko, a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane sati. Da yake wuta ba ta da tabbas, yawanci da tukunyar gawayi ake ɗumama su, amma ɗakin da aka toshe ko'ina hayaƙin gawayi yana kashe tsaki cikin dare. Tsakin da kansu suna nuna hali: in sun cure wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun guje wa wuta suna buɗe baki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci to an dace. Da isowarsu ruwa ake fara ba su kafin abinci. Shimfiɗar ɓuntun shinkafa ko garin katako ta kasance a bushe, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke kawo zawo mai jini.

Annobar da ba ta san katanga ba

Cutar da ta fi kashe kajin gida ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Tana tsananta a lokacin sanyi da iska, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki: kaza ta yi sanyi, ta riƙa zawo kore, wuya ya murɗe. Ba ta da magani, sai rigakafi. Kafso da ake ɓarewa a zuba a ruwa ba ya taɓa ta. Jadawalin da aka saba bai wa kajin zamani ya haɗa da rigakafin Newcastle a satin farko da maimaici wajen sati na uku, da na Gumboro a sati na biyu da na uku.

Matsalar ita ce yawancin waɗannan alluran sai an adana su a sanyin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta kwana a firijin da wuta ta ɗauke, ko ta yini a aljihun ɗan kabu-kabu, sunan rigakafi kawai ya rage mata. In an haɗa ta da ruwa, a shanye cikin awa biyu, ruwan kuma kada ya zama mai javel. Kwalba ɗaya galibi ta kaji ɗaruruwa ce ko dubu, don haka mai tsaki 50 kan ga kamar asara ce ya saya. Da masu kiwo na unguwa ɗaya za su zuba tsaki rana ɗaya su raba kwalba, da kuɗin ya sauka.

Sai murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Nijar, a Magarya, 'yan makonni bayan ɓullarta a jihar Kaduna ta Najeriya, ta kuma sake dawowa a shekarun baya, har da Maraɗi a 2015. Alamominta suna kama da na Newcastle, sai gwajin ɗakin bincike irin na LABOCEL a Yamai ke rarrabe su, kuma tana iya kama mutum. Ɗabi'ar kai kaji kasuwa da sauri da zarar sun fara mutuwa ita ce babbar motar da ke yaɗa cututtukan biyu. Wanda ya fi cutuwa sau da yawa ba mai akurkin zamani ba ne, maƙwabciyarsa ce mai kaji 7 da ba a taɓa yi musu allura ba.

Brahma, Goliyat da kasuwar sha'awa

Wani reshe da ya ja hankalin matasa shi ne kajin ado da manyan iri, kamar Brahma mai gashi har ƙafa da Goliyat da ya samo asali daga Benin. Kuɗin zakara ɗaya kan ninka na kazar gida sau da yawa. Sai dai wannan kasuwa ce ta mai kiwo ya sayar wa mai son fara kiwo. Muddin sababbi na shigowa farashi yana sama, ranar da irin ya cika gari kuwa sai a koma kuɗin nama. Brahma tana jinkirin girma, takan kai wata 6 ko 7 kafin ta fara ƙwai, ga ci, ga rashin jure zafi.

Mai son fitar da iri yana da nasa ƙa'idojin. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, a ɗumin da ke kusa da digiri 37 da rabi. Injin ƙyanƙyasa da ba shi da batir ko hasken rana a bayansa caca ce. Ƙwan da ya wuce sati a ajiye ƙyanƙyasarsa tana raguwa. Kajin da kamfani ya haɗa irinsu, kamar Noiler, 'ya'yansu ba sa fitowa daidai da iyaye. Barin zakara ɗaya yana bin 'ya'yansa shekara da shekaru kuma yana raunana garke.

A gefe guda, kazar gida da ake rainawa tana yin ƙwai 40 zuwa 60 kacal a shekara, amma ita ke kwanci da kanta, ta yi kiwon kanta, ta jure zafi, namanta kuma ya fi daraja a wurin masu saye. Babbar asararta ita ce tsakin da shirwa, sanyi da Newcastle ke kwashewa. Killace su sati 4 zuwa 6 na farko da yin rigakafi kafin sanyi suna sauya lissafin gida ba tare da buhun masara 9 ba.

Mai turo kuɗi daga waje, da hukuma

Ga ɗan Nijar da ke Aljeriya, Libiya, Abijan ko Faransa da aka ce ya turo jarin kaji, hoton tsaki a kwali ba hujja ba ce. Tambayoyin da suka dace su ne: an ware kuɗin abinci har ranar sayarwa? Wane likitan dabbobi ne zai bi rigakafin? Wa zai kwana da tsaki a sati biyun farko? Wa zai saya, kuma an yi magana da shi? In gidan haya ne, mai gida da maƙwabta sun yarda da wari da ƙuda? Fara da 50 a koyi aikin ya fi zuba 500 a karon farko. Cibiyar RECA ta manoma da makiyaya tana da takardun bayani kan kiwo, tana kuma ba da shawara da Hausa da Zabarmanci ta waya.

Sauran aikin na magabata ne. Maganar dogaro da kai a fannin abinci ba za ta kai akurki ba sai an samu gidajen ƙyanƙyasa masu inganci a jihohi, masara da waken soya na noman rani, da firijin rigakafi mai aiki da hasken rana a ma'aikatun kiwo na gundumomi. Ana yi wa shanu da awaki gangamin allura duk shekara, kajin mata a unguwanni ma suna buƙatar irinsa kafin sanyi ya kankama. Haka kuma mai kiwo ba zai kai rahoton mutuwar kajinsa ba matuƙar yana tsoron a kashe sauran ba tare da diyya ba.

Kafin a kai can, mai shirin zuba tsaki a farkon Fabrairu yana da 'yan makonni a gabansa: ya wanke akurki ya bar shi ya huta sati biyu, ya sayi masara tun farashin kaka bai tashi ba, ya kuma nemi mai saye tun tsakin ba su iso ba.